Finafinan Punjab Kan Wahalar 'Yan Sikh da Ci-rani: Da Wanne Za Ka Fara?

Duk wanda ya tashi a Kano ko Kaduna ko Damagaram ya san fim ɗin Indiya, tun zamanin sinima har zuwa yau da ake zuba mana su a waya da fassarar Hausa. Sai dai kusan duk abin da muka sani na harshen Hindi ne, na Mumbai. A waɗancan finafinai, mutumin nan mai gemu da naɗaɗɗen rawani da wuya ya wuce ɗayan uku: direban babbar mota, soja mai zuciya, ko abokin jarumi da ake sakawa don a yi dariya. Shi ne ɗan Sikh, wato mabiyin addinin Sikh. A jiharsu ta Punjab kuwa akwai masana'antar fim mai zaman kanta da harshen Punjabi, da nata jarumai irin su Diljit Dosanjh da Amrinder Gill da Ammy Virk. Akasarin abin da take fitarwa barkwanci ne da biki da rawa. Amma a cikinsu akwai wasu da suka taɓo miki biyu da har yau ba su warke ba a zuciyar 'yan Sikh: abin da ya faru a 1984 da shekarun da suka biyo baya, da kuma barin gida zuwa ƙasar wasu. Wanda ke da datar fim ɗaya ko biyu, da dare ɗaya ko biyu, yana bukatar ya san inda zai sa ƙafa.

Kafin a shiga zaɓe, akwai abu ɗaya da ke bayyana kamannin finafinan nan. A ƙidayar Indiya ta 2011 'yan Sikh kusan miliyan 21 ne, ba su kai kashi 2 cikin 100 na ƙasar ba, ko da yake su ne masu rinjaye a Punjab. A ƙidayar 2021 kuma Kanada tana da su kimanin 770,000, Ingila da Wales sun haura 520,000. Wato mai shirya fim a Punjab ba 'yan biranen gida irin su Amritsar da Ludhiana kaɗai yake kallo ba. Idonsa yana kan gidajen sinima na Brampton da Surrey a Kanada, da Southall da Birmingham a Ingila, inda tikiti ke zuwa da dala da fam. Mai saye shi ke da ɗanɗano. Shi ya sa ko labarin kuka ne sai an sirka shi da waƙa da raha, don iyali su fita daga sinima ba tare da an ɓata musu ƙarshen mako ba. Bambancin finafinan da zan kawo, a ganina, ya ta'allaƙa ne ga yawan sirkin da kowanne ya yarda a zuba masa.

Mu fara da 1984. A farkon watan Yuni na shekarar, Firaminista Indira Gandhi ta tura sojoji cikin harabar Haikalin Zinare da ke Amritsar, wuri mafi tsarki ga 'yan Sikh, don fitar da wani jagoran addinin Sikh, Jarnail Singh Bhindranwale, da mabiyansa masu makamai. Lokacin ya zo daidai da ranar tunawa da ɗaya daga cikin manyan malamansu, Guru Arjan, don haka wurin cike yake da masu ziyara. An kashe mutane da yawa, ginin Akal Takht, mazaunin shugabancin addininsu da ke cikin harabar, ya yi raga-raga. Ranar 31 ga Oktoba, dogarawanta biyu 'yan Sikh suka harbe ta. Kwanakin da suka biyo baya aka bi 'yan Sikh gida-gida a Delhi. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 2,733 aka kashe a birnin kaɗai. Daga nan Punjab ta shiga kusan shekara goma na tashin hankali: 'yan aware masu neman ƙasar Khalistan suna kashe mutane, har da fasinjojin bas 'yan Hindu, 'yan sanda kuma suna ɗauke samari a nemi labarinsu a rasa.

Fim biyu ne suka fi cancanta a auna su a kan wannan zamani, kuma sun fito ne shekara ɗaya tsakani. Na farko shi ne Punjab 1984, wanda Anurag Singh ya ba da umarni, ya fito a 2014. Kirron Kher, wadda masu kallon Indiya suka saba gani a matsayin uwa, ita ce Satwant Kaur, tsohuwar da ke zuwa ta zauna a ƙofar caji ofis kullum tana tambayar inda ɗanta yake. Mijinta ya mutu a Amritsar lokacin da sojoji suka shiga, aka kuma liƙa masa sunan ɗan ta'adda. Ɗan, Shiva, wanda Diljit Dosanjh ya fito a matsayinsa, manomi ne mai son waƙa da wasa, har rikicin gona da wani mugun sufeton 'yan sanda suka tura shi cikin masu ɗauke da bindiga. Pavan Malhotra ne sufeton, kuma ya iya mugunta. Bos ne irin wanda za ka tsana tun fitowarsa ta farko.

Wanda ya saba da fim ɗin Indiya ba zai sha wahalar shiga wannan ba. Akwai soyayya, akwai waƙoƙi, akwai komawa baya a labari, akwai faɗa a ƙarshe, tsawonsa kuma ya haura awa biyu da rabi. Ƙarfinsa yana wurin uwar. Yadda take riƙe da hoton ɗanta tana nuna wa duk wanda ya tsaya ya saurare ta, da yadda ake kai ta duba gawawwakin samarin da ba a san masu su ba, wannan ba wanda zai kalla bai ji wani abu ya tokare masa maƙogwaro ba. Rauninsa kuma shi ne ya mai da masifar da ta ci jiha guda ta zama laifin mutum biyu ko uku: mugun ɗan sanda, maƙwabci mai kwaɗayin gona, ɗan siyasa mai baki biyu. Idan an kau da waɗannan, kamar an gama da matsalar ke nan. Tarihi bai nuna haka ba. Jaswant Singh Khalra, mai kare haƙƙin ɗan Adam da ya bi rajistar wuraren ƙona gawa a yankin Amritsar, 'yan sanda suka ɗauke shi a Satumbar 1995 ba a sake ganinsa ba, daga baya kuma hukumar bincike ta tarayya ta tabbatar da gawawwaki 2,097 da aka ƙona ba bisa ƙa'ida ba a wannan yanki kaɗai. Aikin sufeto ɗaya ba zai kai haka ba.

Na biyun shi ne Chauthi Koot na Gurvinder Singh, wanda aka nuna a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 2015, an kuma gina shi a kan gajerun labarai biyu na marubuci Waryam Singh Sandhu. Babu rawa, babu jarumin da zai doke mutum goma, babu ma bos. Ya buɗe da 'yan Hindu biyu suna sauri a tashar jirgin ƙasa da dare, suna neman hanyar zuwa Amritsar, jirgin da ya zo kuma an hana kowa shiga. Suka cusa kansu ɗakin mai gadin jirgi tare da wani ɗan Sikh, suka tarar da wasu samari biyu masu rawani a ciki. Ba wanda ya ce wa wani uffan. Kowa yana satar kallon jakar ɗan'uwansa. Daga nan labarin ya koma kan Joginder, manomin da gidansa ke can tsakiyar gonaki, nesa da gari, da karensa Tommy. Da dare 'yan bindiga su zo su sha shayi, su ce haushin karen nan yana tona musu asiri, a rufe masa baki ko a kashe shi. Da safe jami'an tsaro su zo su birkice gidan, su ce yana ɓoye 'yan ta'adda. Kare kuma bai san siyasa ba, dare ya yi sai ya yi haushi.

Wannan ɗan ƙaramin labari ya fi duk wani jawabi nuna yadda talaka ke rayuwa tsakanin wuta biyu, kuma mai karatu da ya fito daga ƙauyen da masu bindiga ke zuwa da dare, jami'ai su zo da rana, ba ya bukatar a yi masa fashin baƙi. Suvinder Vicky, wanda ya fito a Joginder, kusan duk wasansa da ido da kafaɗa ya yi shi: za ka ga mutum yana ranƙwafawa a hankali cikin gidansa, gaban matarsa da uwarsa da 'ya'yansa. Amma gaskiya fim ɗin yana da nauyin tafiya. Kyamara takan tsaya a kan gona da hadari na tsawon lokaci, ba magana, sai iska da kukan kwari. Idan ka kunna shi a ɗakin da ake hira ana shige da fice, kafin rabin awa za a ce ka canja. Yana son dare, da shiru, da waya a kife. Dukkansu biyu sun ci kyautar ƙasa ta Indiya ta fim mafi kyau da harshen Punjabi, kowanne a shekararsa, don haka kyauta ba za ta raba maka gardama ba. Ni dai Chauthi Koot na fi ɗauka da daraja, nesa ba kusa ba. Amma idan da iyali za a kalla, ko kuma ba ka san komai game da 1984 ba, Punjab 1984 ne ƙofar shiga, don shi yana gaya maka wane ne wane. Ɗayan yana ɗauka ka riga ka sani.

Akwai tsohon fim da ya haɗa mikin biyu wuri guda, Des Hoyaa Pardes na 2004, wanda Manoj Punj ya ba da umarni, mawaƙi Gurdas Maan da Juhi Chawla suka fito a ciki. Manomi ne da 'yan sanda suka matsa wa lamba a shekarun tashin hankalin har ya tsere Amurka neman mafaka. Aikin kyamararsa ya tsufa, kukan ma ya yi yawa, amma shi ne ya fi fito da cewa wasu ba neman kuɗi ya fitar da su ba, tsira da rai ne. Wanda ke son Juhi Chawla zai same ta a nan ba tare da wasan yarintar da aka san ta da shi ba.

Yanzu ci-rani na wannan zamani, inda zaɓen ya fi zafi. A yankin Doaba na Punjab, wato wajen Jalandhar da Hoshiarpur da Kapurthala, fita waje ta zama kamar gado. Za ka ga gidan bene a ƙauye an yi masa tankin ruwa mai siffar jirgin sama a kan rufi, alamar ɗan gidan yana Turai. A ƙauyen Talhan kusa da Jalandhar akwai wurin ibadar da masu neman biza suka riƙa kai jirgin sama na wasan yara a matsayin sadaka, har masu shaguna a bakin ƙofa suka mai da sayar da shi sana'a. Wanda bai samu biza ta ƙofa ba sai ya bi ta taga, hanyar da su ke kira donki: a jinginar da gona, a ba ejan kuɗi, ya bi da kai ƙasa bayan ƙasa. Hanyar ta daɗe tana cin mutane. A Disambar 1996 wani jirgin ruwa ya nutse tsakanin Malta da Sisili da kusan mutum 280 'yan Indiya da Pakistan da Sri Lanka, da yawansu samarin Punjab ne.

Chal Mera Putt, na Janjot Singh, ya fito a Yulin 2019. Birmingham ce wurin labarin. Amrinder Gill da abokansa baƙin haure ne daga Punjab ta Indiya, suna aikin wahala suna ɓuya daga jami'an shige da fice, har zama ya haɗa su gida ɗaya da wasu baƙin hauren daga Punjab ta Pakistan. Waɗannan na biyun 'yan barkwancin dandamali ne na Pakistan na gaske: Iftikhar Thakur da Nasir Chinyoti da Akram Udas. A tuna cewa a 1947 aka tsaga Punjab biyu, aka yi kashe-kashe, kuma fim ɗin ya fito ne watanni kaɗan bayan Indiya da Pakistan sun kusa gwabzawa a farkon 2019. Sai ga Sikh da Musulmi a kicin ɗaya, harshe ɗaya, suna jifan juna da baƙar magana irin ta Bafulatani da Babarbare, wadda mai ji daga waje zai ɗauka faɗa ne alhali zumunci ne. Nan daɗin fim ɗin yake, kuma shi ya sa aka yi masa na biyu da na uku.

Yana nuna wahala, ba a ce bai nuna ba. Akwai mai gidan aiki da ke cin gumin wanda ba shi da takarda don ya san ba inda zai kai ƙara. Akwai auren takarda da ake biya don samun izinin zama. Akwai wayar gida da ba ta ƙarewa, kowa da bukatarsa, kowa yana zaton kana kwance a kan fam. Akwai dattijon da ya shekara da shekaru bai ga iyalinsa ba, don in ya fita ba dawowa. Amma duk wannan an naɗe shi cikin raha, kuma abin da ke zama a kan saurayi mai kallo shi ne: ga abokai, ga dariya, ga budurwa, ga titi mai tsabta, in an daure komai zai daidaita. Wata matsalar kuma ta harshe ce. Barkwancin 'yan Pakistan ɗin nan a bakin magana yake, sauri gare shi, rubutun fassara na ƙasan allo ba ya iya bin sa. Za ka ga 'yan wasa suna ƙyaƙyatawa, kai kuma abin da aka rubuta maka bai kai murmushi ba. Rabin abin da ya sa 'yan Punjab suka so shi ba zai iso gare ka ba.

Aaja Mexico Challiye na 2022 ya tsaya ne a kan hanyar kanta. Rakesh Dhawan, wanda ya rubuta Chal Mera Putt, shi ya rubuta wannan ya kuma ba da umarni, Ammy Virk ne jarumi. Pamma saurayi ne da ya ba ejan amana da kuɗin gidansu a kan za a kai shi Amurka, sai ya tsinci kansa cikin ayarin masu ratsa dajin Latin Amurka da ƙafa, a hannun 'yan rakiya masu bindiga waɗanda ba ruwansu da wanda ya gaza. Akwai barkwanci a nan ma, har Nasir Chinyoti yana ciki, kuma wani lokaci rahar takan faɗo inda bai kamata ba, ana tsakiyar tashin hankali a jefo wasa. Aikin fim ɗin bai kai na Chal Mera Putt santsi ba. Tsakiyarsa tana ja, wasu fitowar an yi su ne don a matse hawaye da ƙarfi. Duk da haka, abin da ya nuna ba ya bukatar fassara: yunwa, ƙafa ta kumbura, a ƙwace maka ɗan abin da ya rage, a wuce wanda ya faɗi a bar shi a nan, uwa kuma tana gida tana jiran waya.

Labaran duniya sun riga sun gaskata shi. A 2023 mutum fiye da 500,000 suka ratsa dajin Darien da ke tsakanin Kolombiya da Panama, daga ƙasashe barkatai. Ranar 5 ga Fabrairun 2025 wani jirgin sojan Amurka ya sauka a Amritsar da 'yan Indiya 104 da aka koro, an ɗaure su hannu da ƙafa a tafiyar, 30 daga cikinsu 'yan Punjab. Wasu sun shaida wa 'yan jarida cewa sun biya rupi miliyan 4 ko fiye, kuɗin gona da bashi. A jirgin da ya biyo baya an ga 'yan Sikh sun sauko ba rawani, abin da ya tayar da ƙura a Punjab, don a wurinsu tuɓe wa namiji rawani cin mutunci ne babba. Saboda haka tsakanin waɗannan biyu hukuncina a fili yake. In nishaɗi kake so bayan gajiyar aiki, ɗauki Chal Mera Putt. In kuwa akwai ƙane a gida da ya fara maganar Agadas da Libiya, yana cewa wane ya tsallaka har ya turo mota, to Aaja Mexico Challiye za ku zauna ku kalla tare, kada ka kuskura ka fara masa da na Birmingham.

Wani zai ce ai Shah Rukh Khan ya yi wannan labarin a Dunki, na Rajkumar Hirani, a ƙarshen 2023. Ya yi, kuma ƙauyen Punjab ne wurin labarin. Amma fim ɗin Hindi ne, an gina shi ne a kan tauraro, kuma tafiyar da ta kamata ta zama zuciyarsa an taƙaita ta don a ba soyayya fili. Wanda ya kalle shi ya ji daɗi, to ya ga labarin da bakin baƙo. Bai hana shi neman na 'yan gida ba.

Masu son tarihi suna da nasu zaɓen, don fitar 'yan Sikh ba jiya ta fara ba. Tun farkon shekarun 1900 suke zuwa yammacin Kanada aikin katako da layin dogo. Chhalla Mud Ke Nahi Aaya na 2022, fim na farko da Amrinder Gill ya ba da umarni da kansa, yana bin saurayin da ya je can aikin injin yankan katako don ya fitar da gidansu daga talauci, ya tarar ana biyan Bature fiye da shi a kan aiki iri ɗaya. Fim ne mai kyan kallo, mai sanyi, da raha da soyayya, Turawan cikinsa kuma ba su da zurfi, ko mugu ko na kirki. Guru Nanak Jahaz na 2025, na Sharan Art, ya ɗauki abin da ya faru da gaske. A 1908 Kanada ta kafa dokar cewa ba mai shiga sai wanda ya zo kai tsaye daga ƙasarsa ba tare da yada zango ba, alhali babu jirgin da ke irin wannan tafiya daga Indiya. An rufe ƙofa ke nan ba tare da an ambaci launin fata ba. Wani ɗan kasuwa, Gurdit Singh, ya yi hayar jirgin ruwan Japan mai suna Komagata Maru daga Hong Kong da fasinja 376, akasarinsu 'yan Sikh, da Musulmi da 'yan Hindu kaɗan. Suka isa Vancouver ranar 23 ga Mayun 1914, aka tsare su a kan ruwa wata biyu cur, abinci da ruwan sha suna yankewa, sannan aka kora su da rakiyar jirgin yaƙi. Da suka isa Budge Budge kusa da Kalkata, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta, kimanin mutum 20 suka mutu. A Oktoban shekarar, wani ɗan Sikh mazaunin Vancouver mai suna Mewa Singh ya harbe jami'in shige da fice William Hopkinson a kotun Vancouver, aka rataye shi a Janairun 1915. Sai a Mayun 2016 Firaminista Justin Trudeau ya nemi gafara a zauren majalisar Kanada. Tarsem Jassar ne ya fito a Mewa Singh, Gurpreet Ghuggi kuma, wanda aka fi sani da barkwanci, ya fito a Gurdit Singh. Tsakanin biyun, na farko ya fi daɗin zama, na biyu ya fi barin ka da abin da za ka je ka bincika. Sai dai ka shiga da sanin cewa fim ne na girmama gwarzo, an kalli komai ta idon masu ɗaukar Mewa Singh shahidi.

Abin da duk waɗannan suka yi tarayya a kai shi ne labarin maza ne. Mace ko uwa ce mai jira, ko budurwa ce mai jira. Alhali a Punjab akwai dubban matan da aka aura aka karɓi dukiyar aure daga iyayensu, ango ya koma waje ya yi shiru, da waɗanda aka kai su can suka tarar da abin da ba su zata ba. Wanda ya fi kusa da wannan shi ne Heaven on Earth na Deepa Mehta, na 2008. Fim ɗin Kanada ne, amma yawancin maganarsa da Punjabi ake yi, Preity Zinta ce ta fito a amaryar da aka kai Brampton gidan miji mai duka, cikin gidan da ya cika da dangi, kowa yana jiran a ɗauki nauyin zuwan wani. Yana da nauyi ƙwarai, akwai kuma tatsuniyar maciji da aka saƙa a ciki wadda za ta iya rikita mai kallo. Ba na yara ba ne, ba kuma na daren hutu ba.

Sauran abin dubawa na zahiri ne. Finafinan Punjabi ba su cika samun masu fassara su zuwa Hausa ba kamar na Hindi da na kudancin Indiya, don haka yawanci da rubutun Turanci a ƙasan allo za ka kalla. Wannan ya ƙara wa Chauthi Koot maki, don maganarsa kaɗan ce, ko mai ƙaramin Turanci zai bi shi. Ya kuma rage wa Chal Mera Putt. Ta fuskar kunya, Punjab 1984 da Chhalla da Guru Nanak Jahaz ana iya kallonsu gaban manya, sai dai na farkon yana da azabtarwa a caji ofis da bai dace da ƙananan yara ba. Ka kuma sani cewa duk fim ɗin da ya shafi 1984 ya bi ta hannun hukumar tace finafinai ta Indiya, kuma ba ta wasa da wannan babi: an hana Kaum De Heere fita a Indiya a 2014 saboda ya ɗauki labarin waɗanda suka kashe Indira Gandhi, fim ɗin da Honey Trehan ya yi kan Khalra, wanda Diljit Dosanjh ya fito a ciki, kuma aka janye shi daga bikin finafinai na Toronto a 2023 ana tsakiyar ja-in-ja kan wuraren da za a yanke. Idan ka ga Punjab 1984 yana kewaye-kewaye wajen kiran sunan gwamnati, ka san dalili.

In fim ɗaya tak za ka kalla kuma kai mai haƙuri ne, Chauthi Koot. In ba ka da haƙurin shiru, Punjab 1984. In biyu ne, ka fara da Punjab 1984 ka bi shi da Aaja Mexico Challiye, a jere haka, don ka ga ƙauyen da aka ɗauke wa samari da ƙarfi a shekarun 1980, sannan ka ga irin ƙauyen bayan shekara 40 yana sayar da gona da hannunsa don ya tura su. Chal Mera Putt ka ajiye shi sai ka saba da kunnen Punjabi kaɗan, ko ka samu wanda zai riƙa tsayar da fim ɗin yana warware maka baƙar maganar.